Hunturu a Ohio: kwana a motar tafi-da-gidanka ko kama haya kusa da 'ya?

Hajiya, kun ce bayan ritaya ku da Alhaji kun sayar da gida, motar tafi-da-gidanka, wato babbar mota mai gado da wurin girki da bayan gida a cikinta, ita ce gidanku yanzu, kuma 'yarku da ke Columbus a jihar Ohio ta Amurka tana sa ran haihuwa a Janairu. Kuna so ku kasance kusa da ita daga Disamba zuwa Maris, shi ne kuke tambaya ko ku ci gaba da kwana a motar, ko ku ajiye ta ku kama haya. Allah ya sauke ta lafiya. In ta ni ce, haya za ku kama.

Tun kafin a zo maganar sanyi, wurin da za a kafa motar ma aiki ne. Yawancin sansanonin irin waɗannan motoci a arewacin Amurka suna rufewa daga wajen Oktoba sai Afrilu. Kaɗan ɗin da ke buɗe duk shekara sukan cika da wuri, kuma galibi a bayan gari suke. Za ku ce to a ajiye ta a ƙofar gidan yarinyar mana. Birane da yawa sun hana kwana cikin mota a unguwar zama, ƙungiyoyin masu gidaje na unguwa ma suna da nasu sharuɗɗan, ga shi soket ɗin gida na amp 15 (amp ma'aunin ƙarfin lantarki ne) ba zai ɗauki nauyin lantarkin da motar ke ci ba. Haya kuwa unguwar da kuke so za ku zaɓa. Wahalarta ɗaya ce: masu gida sun fi son yarjejeniyar shekara, don haka ɗaki mai kaya na wata 3 ko 4 kuɗinsa ya fi na haya da aka saba.

Ruwa shi ne babbar rigimar. A Columbus daren Janairu yakan kai digiri 6 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya zarce 18 ƙasa da sifili. Bututun motar da tankunanta a ƙasa suke, inda iska ke kaɗawa. Wanda zai yi hunturu a ciki sai ya sayi tiyo mai ɗumama kansa da lantarki, ya zagaye ƙasan motar da allunan tare iska, ya bar bawul ɗin tankin bayan gida a rufe har sai ya cika kafin ya zubar, don in aka bar shi a buɗe abin da ke ciki daskarewa yake yi a tiyo. Dare ɗaya aka yi sake, fayif ya fashe cikin bango. Tukunyar ruwan zafin yawancin motocin nan galan 6 ce ko 10, wanka ɗaya ta ƙare. A ɗakin haya kuwa famfo za ku murɗa ku yi alwalar asuba da ruwan ɗumi, in wani abu ya lalace mai gida ne zai gyara.

Sai ɗumi. Bangon motar siriri ne kamar gwangwani, zafi ba ya zama. Murhun ɗumama ɗaki mai ƙarfin BTU 30,000 (BTU ma'aunin zafi ne) yana cinye galan ɗaya na gas cikin kimanin awa 3 in yana ci ba tsayawa, tukunyar gas mai kilo 9 kuwa ba ta kai galan 5 ba. Ku yi lissafin da kanku. Tankin gas na motar a jikinta yake, ko dai a tuƙa ta zuwa wurin cikawa cikin dusar ƙanƙara, ko a yi hayar babban tanki a jona daga waje. Wasu sukan ce sai su koma hitar lantarki don rage kuɗin gas. Nan ma da tarko. Layin lantarki na amp 30 da ake jona motar wat 3,600 kawai yake bayarwa, hita biyu sun cinye 3,000, kuna kunna butar shayi wuta ta ɗauke. Sannan a motoci da yawa murhun gas ɗin ne ke hura ɗumi zuwa wajen tankuna, kashe shi na nufin ɗaki ya yi ɗumi ƙasa ta daskare. Ga raɓa da ke tsiyaya a tagogi daga numfashi da girki har katifa ta yi fumfuna. Kuma don Allah kada a taɓa kunna risho ko murhun girki don jin ɗumi a rufaffiyar mota, hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari.

Ta fuskar kuɗi ba zan ce haya ta fi araha ba. Za ku biya haya, ku kuma biya wurin ajiyar mota. Amma ku haɗa kuɗin sansani da lantarki, wanda masu zaman wata sukan biya daban, da gas, da kayan kare bututu, da man zirga-zirga kullum, za ku ga ratar ta ragu sosai. Abin da motar ta fi haya da shi gaskiya ne: gadonku ne, tukwanenku ne, ba kwashe kaya, kuma duk ranar da kuka gaji kuna iya kama hanyar Texas ko Arizona inda masu irin rayuwarku ke yin hunturu. Da ziyarar mako biyu ce a Nuwamba, da na ce ku zauna abinku.

Amma jego ya kawo ku. Uwar mai jego ai ba baƙuwa ba ce da za ta leƙo da rana ta koma. Kwana arba'in ɗin nan akwai kiran tsakar dare, akwai kunu da farfesu, ga azumi a shekarun nan cikin sanyin yake faɗowa. Hankalinku ba zai rabu biyu ba, rabi wajen jariri rabi wajen ko tanki ya daskare, Alhaji kuma na tuƙi a kan titi mai santsi da duhun asuba.

In kun tsaya a kan haya, ku shirya motar kafin sanyin farko. A zubar da ruwan tankuna da na tukunyar ruwan zafi kaf, a zuba ruwan hana daskarewa mai launin hoda da aka yi don bututun ruwan sha, ba na injin mota ba, wannan guba ne. A cire batura ko a bar su kan caji, a kwashe duk abinci saboda ɓeraye, a kuma sanar da kamfanin inshora cewa motar tana ajiye. Neman ɗakin kuwa ku sa yarinyar da mijinta su fara tun Satumba.