Shagon Hayar Littattafai a Bakin Babbar Kasuwar Sakkwato da Abin da Ya Tanadar wa 'Yan Sakandare

Shagunan hayar littattafai sun yi ƙaranci a Sakkwato tun lokacin da karatun labari ya koma cikin wayar hannu, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka sani a da sun koma sayar da katin waya ko kayan rubutu. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage yana bakin Babbar Kasuwa, a layin masu sayar da littattafan makaranta, kuma ko allon suna ba shi da shi, sai dai mutanen layin sun san inda ake nufi idan aka ce wurin dattijo mai hayar littafi. Ba dukan kayan shagon zan yi magana a kansu ba, domin littattafan addini da na shirin jarrabawa ana samunsu a ko'ina. Abin da ke kai ni can, a matsayina na malamin sakandare kuma mahaifin 'ya'ya masu tasowa, shi ne kantar da aka ware wa labaran matasa, wato labaran abota da zaman makaranta da soyayyar fari, waɗanda su ne suka koya wa yawancinmu son karatu kafin mu san amfaninsa.

Tsarin hayar ba shi da wahala. Ana rubuta sunan mai ɗauka da unguwarsu a wani babban littafin rajista, a ajiye ɗan kuɗin jingina wanda ake mayarwa idan littafin ya dawo lafiya, sannan a biya kuɗin haya na 'yan kwanaki, wanda bai kai abin da ɗan kabu-kabu zai karɓa daga kasuwa zuwa Mabera ba. Ɗalibin da ya saba zuwa kuma aka san iyayensa, sau da yawa ba a neman jingina a hannunsa.

Babban abin da ya sa nake ganin shagon ya cancanci a yi rubutu a kansa shi ne mai shagon ya san abin da ke cikin kayansa. Ba tara littattafai kawai ya yi ba, ya karanta su, kuma ya jera su gwargwadon shekarun mai karatu: na 'yan ƙaramar sakandare a kantar ƙasa inda hannunsu zai kai, na 'yan babbar sakandare a tsakiya, na matan aure da manya kuma a bayansa, inda sai an tambaya yake miƙowa. Na taɓa ɗaukar wani littafin soyayya mai kyan bango da niyyar kai wa 'yata da ke aji uku na ƙaramar sakandare, sai ya duba bangon ya karɓe shi daga hannuna cikin ladabi, ya ce: “Malam, wanga ba na ɗiyakka ba na tukuna. Ɗauki wancan, shi yara sunka hi so, kuma babu abin kunya ciki.” Wanda ya hana ni ya fi wanda ya ba ni tsadar haya. Wannan tantancewa ita ce hidimar da uba ba zai samu a waya ba, inda labarai ke yawo a zaurukan WhatsApp da Wattpad da Facebook ba tare da wanda ya tambayi mai karatu shekarunsa ba, kuma wasu daga cikinsu batsa ce tsagwaronta da aka lulluɓe da sunan soyayya.

A ɓangaren Turanci, abin da ya fi daraja shi ne ragowar jerin Pacesetters, wanda kamfanin Macmillan ya fara bugawa a 1977 domin matasan Afirka, kuma marubutan Afirka ne suka rubuta shi. Duk wanda ya yi sakandare a shekarun 1980 zai tuna waɗannan ƙananan littattafai masu hoto a bango, waɗanda ke shiga aljihun rigar makaranta kuma ake karanta su a ƙarƙashin tebur lokacin da malami ya juya baya. A cikinsu akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule, ɗan Kano, wanda ya fito a 1977, kuma shi ne na fi son a fara ba ɗalibinmu, saboda sunaye da gidaje da damuwar da ke cikinsa na Arewa ne, Turancinsa kuma mai sauƙi ne. Yaron da ke tsoron Turanci yakan gama shi cikin kwana biyu, ya dawo yana neman wani, kuma a ganina wannan ya fi darasin nahawu na zango guda tasiri.

Akwai kuma tsofaffin labaran makarantun kwana na Ingila, musamman Malory Towers na Enid Blyton, littattafai shida da suka fito tsakanin 1946 da 1951. Babu soyayya a cikinsu ko kaɗan, abota ce da kishi da faɗa da shiri tsakanin 'yan mata. Da farko na ɗauka nisan al'ada zai hana 'yan matanmu jin daɗinsu, tunda makarantar a bakin teku take kuma wasanninsu ba namu ba ne, amma ɗalibaina da suka yi zaman makarantar kwana sun gane kansu a ciki nan take. Sabuwar ɗaliba mai girman kai da aka shagwaɓa a gida, da ƙawar da ke jin haushi idan aminiyarta ta yi sabuwar ƙawa, da cin abinci a ɓoye bayan an kashe fitila, duk sun san su, ko da yake su kwaɗon garin rogo da ƙuli-ƙuli suke haɗawa a nasu ɗakin kwanan.

Kantar Hausa ce ta fi cika, kuma ita ce ta fi sa ni tunani. Akwai Magana Jari Ce na Abubakar Imam a kashinsa uku, wanda babu yaron da zai yi asara idan ya karanta. Akwai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980 bayan gasar da ya shirya, labarin budurwa Bafullatana da ta so wanda ba ɗan ƙabilarsu ba, kuma har yau yana cikin mafi tsabtar labaran soyayya da aka rubuta da Hausa. Akwai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya yi tashe a farkon shekarun 1990, lokacin da littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano suka cika kasuwannin Arewa har da tamu. Mai shagon ya sa waɗannan biyu a kantar 'yan babbar sakandare, kuma na yarda da hukuncinsa.

Sai dai idan mutum ya tsaya ya dubi kantar da kyau, zai ga wani giɓi wanda ba laifin mai shagon ba ne. Daga tatsuniya da labaran hikima, littattafanmu kan yi tsalle ne kai tsaye zuwa maganar aure: auren dole, kishiya, uwar miji, attajirin da ya zo da mota. Shekarun da ke tsakani, daga sha biyu zuwa sha shida, lokacin da babbar damuwar yaro ita ce wa zai zauna kusa da shi a aji, ko siniya zai ƙwace masa bokiti, ko ƙawarsa ta tona asirinsa, ko kuma me ya sa gabansa ke faɗuwa idan ya ga wata a hanyar Islamiyya, waɗannan shekaru kusan babu su a kantar Hausa. Ko a labaran da makaranta ta fito, yawanci bakin ƙofarta ake nunawa, inda saurayi ke jira a tashi, ba cikin aji ko ɗakin kwana ba. 'Yan maza kuwa sun fi shan wahala, domin yawancin abin da ke kantar an rubuta shi ne da tunanin mace mai karatu, shi ya sa suke komawa ga labaran yaƙi da aljanu ko su bar karatun gaba ɗaya. Wannan abu yana damuna ƙwarai a garin da Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙi da Hausa da Fulfulde da Larabci domin karatu ya kai ga mata har cikin ƙauyuka ta hannun 'Yan Taru, ƙungiyar mata masu koyo da koyarwa da ta kafa. Ita ta dubi masu sauraronta ta rubuta musu abin da ya dace da su, mu kuwa mun bar 'yan shekara sha huɗu suna aron ƙuruciyar wasu ƙasashe.

Game da soyayyar fari, na san iyaye da yawa da ba sa son ko jin sunanta a littafin da ɗansu zai taɓa, kuma ban raina tsoronsu ba. Amma abin da na gani a aji shi ne yaron da aka hana labari mai kunya a takarda yakan samu marar kunya a waya. Littafin haya yana da bango da suna, ana ganinsa a kan tabarma, uwa na iya ɗauka ta duba, kuma tana iya tambayar 'yarta me ya sa jarumar ta yi abin da ta yi. Hirar da iyaye ke jin nauyin farawa takan samu ƙofa ta nan.

Shagon yana da nasa naƙasu, kuma wasu suna da girma. Littattafan sun tsufa matuƙa. An yi wa da yawansu sabon bango da takardar buhun siminti, an ɗinke su da zare mai kauri, an rubuta sunan littafin da jan biro, wanda hakan dabara ce mai kyau, amma ba ta mayar da shafin da ya yage. 'Yata ta taɓa karanta wani labari har ta kusa ƙarshe sannan ta tarar shafukan ƙarshe babu su, kuma da na mayar, haƙuri kawai aka ba ni, ba a rage kuɗin haya ba. Matsala mafi yawan faruwa ita ce ta littattafan Hausa masu kashi-kashi: sai a samu na ɗaya da na biyu, na uku kuwa wani ya ɗauka bai dawo da shi ba, kuma ba a gaya wa mai haya tun farko. Ya kamata a riƙa sanar da hakan kafin a karɓi kuɗi. Wasu daga cikin na Turancin kuma ba bugun asali ba ne, hoton littafi aka ɗauka aka haɗa, rubutun ya dushe, kuma wannan cin haƙƙin marubuci ne ko da niyyar ta alheri ce. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina domin kantocin ba su da murfi, na kuma ga alamar gara a gindin kantar ƙasa, wadda ita ce ta ƙananan yara. Wurin zama benci ɗaya ne a waje, yawanci maza ne a kai, don haka 'yan mata ba sa samun damar tsayawa su zaɓa a natse, sai dai su aiko ƙane ko su karɓi abin da aka miƙo musu.

Duk da haka ina ba iyaye da malaman Hausa da na Turanci shawarar su je, musamman a farkon hutu kafin a kwashe masu kyan. Safiyar Asabar ta fi, kafin rana ta take kuma kafin layin ya cika. A je tare da yaron domin mai shagon ya gan shi ya kimanta shekarunsa, a duba shafin ƙarshe kafin a biya, a kuma tambaya ko dukan kashin labarin suna nan. Mai shagon yana sayen tsofaffin littattafai, kuma ya ce Pacesetters ne ya fi nema domin babu inda yake samun sababbi, saboda haka duk wanda ke da su a tsohon akwatinsa na makaranta zai iya kai masa.