Na kai ganyena a binciki furotin a Jidda, ga yadda muka ƙare

Wata uku ke nan da na karɓo sakamakon samfurina daga wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Jidda. Sai yanzu haushi da zumuɗi suka lafa har zan iya yin sharhi.

Bincikena na digiri na uku a kan yadda tsiro ke jure ƙishi ne. Idan ƙasa ta bushe ko gishiri ya yi mata yawa, wanda shi ne kukan manomin ƙasar nan kullum, tsiro yakan tara sinadarin ABA. Shi ke tayar da wani furotin mai suna OST1, ɗan dangin kinas, masu liƙa fosfet a jikin wasu furotin kamar mai buga hatimi a takarda. Da ya buga wa wani furotin mai suna SLAC1, sai ƙofofin numfashin ganye su tsuke, ruwa ya rage ficewa. Tun 2009 aka san wannan. Ni sauran waɗanda yake buga wa hatimin nake nema, kuma nema ne mai wuya, don ɗan tsiron nan Arabidopsis, da masu bincike ke yawan gwaji da shi, shi kaɗai yana da kinas wajen 1,000.

Zuwana na farko na sha kunya. Wanda ya karɓe ni dattijo ne, Bahaushen Makka, Hausarsa gauraye da Larabci. Ya buɗe kular, ya dangwala yatsa a ruwan da ya taru a ƙasa, ya dube ni.

"Ɗana, ƙanƙarar gida ka zuba?"

Na ce, "E, Baba."

"To, koma ka sake shuka."

Gaskiyarsa. Ganye na narkewa, wasu furotin da ke cikinsa suke kama cire fosfet ɗin, abin da ka zo nema ya tafi. Dole ka tsinka ka jefa cikin ruwan naitirojin nan take, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Da ya ga dama ya karɓi kuɗina ya ba ni shara. Wannan kaɗai ya sa nake ganin girmansu.

Aikin hannunsu ma ba laifi. Sun daddatsa furotin da tirifsin, sinadarin da ke yanka furotin, suka tsamo gutsattsarin masu fosfet da ƙwayoyin titaniyom, sannan na'urar auna nauyi ta gane su, tunda fosfet yana ƙara wa gutsure nauyin dalton 80 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayoyin sinadari ne). Sun kuma yi dabarar rage Rubisco, furotin da ya cika ganye har yake danne muryar kowa.

Inda suka ɓata mini rai, alƙawarin mako uku ya koma bakwai, waya kuma sai a na uku ake ɗagawa. Rahoton ma da ya zo, jeri ne zalla, ba a ware wuraren da aka tabbatar da zaman fosfet daga na zato ba. Gutsure ɗaya na iya ɗauke da serin uku a jere, wato tubalin furotin da fosfet ke zama a kansa, wanne aka buga wa? Sai da na koma da ƙafata kafin suka gyara.

Abin da ba su faɗa wa mai zuwa, ni kuma nake ganin ya kamata su faɗa tun a bakin ƙofa: na'urar tana nuna hatimi ne, ba ta nuna hannun da ya buga. Allah ya taimake ni malamata ta matsa na haɗa da tsiron da aka lalata wa OST1, na kwatanta da lafiyayye. Fosfet ɗin da ya ɓace a na farkon shi ne abin zargi. Ko shi ma zargi ne kawai, don wataƙila OST1 wani kinas ya tayar, wancan ya yi bugun.

In kana da irin wannan tsiron kwatance, ka kai musu, ka ƙara wata guda a lissafinka. In babu, riƙe riyalinka tukuna. Ni dai yanzu furotin biyar na tsamo daga jerin, ina haɗa kowanne da OST1 da ATP, sinadarin da kinas ke ɗauko fosfet daga jikinsa, a kwalbar gwaji. Biyu sun karɓi fosfet, ɗaya ya ƙi, saura biyu sai bayan hutun Juma'a da Asabar.