Hattara da masu tallar tsofaffin motocin dawaki a Ingila

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa mazauna Birtaniya masu harkar dawaki, da waɗanda 'yan ƙwallon dawaki na gida kan roƙa su duba musu mota a nan. Kasuwar tsofaffin motocin ɗaukar dawaki ta cika da mazambata, kuma iri biyu ne. Akwai mai sayar maka da motar da babu ita. Akwai mai sayar maka da motar da ke nan, ka gan ta, ka taɓa ta, amma abin da ke ƙarƙashin fenti ya riga ya mutu. Na farkon kuɗinka zai ci. Na biyun yana iya ci maka har da doki.

Mai motar da babu ita ba ya wahalar da kansa. Yakan je inda wani ya taɓa tallata motarsa ta gaskiya, ya kwashe hotuna da bayani, ya sake liƙawa a Facebook Marketplace ko eBay, ya zaftare farashi. Sai ka ga Iveco Eurocargo ko DAF LF mai tan 7.5, mai gurbin doki uku da ɗakin kwana da wurin girki, an sa mata kuɗin da ko rabin na kasuwa bai kai ba. Da ka yi magana sai labari ya biyo baya. Maigidana ne ya rasu, ba na son ganinta a ƙofar gida. Ko kuma na koma Sifen da zama, motar tana hannun kamfanin jigila. Kullum tana can nesa, a wani lungu na Sikotland ko Kwanwal, inda ya san ba za ka tashi yau ka je ba. Kullum kuma akwai wani da zai zo gobe da kuɗi a hannu, sai dai idan ka tura kafin alƙalami yanzu a riƙe maka.

Daga nan sai saƙon imel ya shigo da tambarin eBay ko PayPal, wai kuɗinka zai zauna a hannunsu har a kawo maka mota ka gwada ta kwana biyar ko bakwai, in ba ta yi maka ba a mayar maka. Ƙarya ce. Kariyar mai saye ta eBay ba ta shafi motoci ba, haka ma ta PayPal. Asusun da aka ba ka na wani ne da suka ara ko suka yi haya, kuɗin na shiga ake kwashe shi. Idan manhajar bankinka ta ce sunan da ka rubuta bai dace da na mai asusun ba, kada ka saurari bayanin cewa asusun matata ne ko na akantan kamfani. Tsaya nan.

Maganin wannan ɗaya ne: ba a cinikin biri a sama. Ko fam ɗaya kada ya fita sai ka tsaya da ƙafarka kusa da motar, a adireshin da ke kan takardarta. Kafin ka ɓata man zuwa, ce masa ya kira ka ta bidiyo, ya zagaya motar, ya buɗe ƙofa, ya nuna lambar shasi, ya tayar da inji kana ji. Mai mota na gaskiya minti biyar zai yi ya gama. Ɗan damfara kuwa a ranar kyamararsa ke lalacewa.

Akwai binciken da ba ya cin ko kwabo. Shafin gwamnati na gov.uk zai ba ka tarihin gwajin shekara-shekara na kowace mota in ka sa lambarta, na manyan motoci tun daga 2018. Za ka ga nisan tafiyar da aka rubuta kowace shekara da abubuwan da aka ja kunnen mai ita a kai. Idan lissafin tafiya ya koma baya, an taɓa agogo. Idan shekara uku a jere ana rubuta tsatsa a shasi sannan aka daina, tambayi wa ya yi walda, ina rasit. Wani shafin na DVLA, hukumar rajistar motoci, zai nuna launi da shekarar rajista da ranar da aka fitar da takardar rajistar motar ta ƙarshe, wadda ake kira V5C. Gwada ranar da wadda ke jikin takardar da ya miƙo maka. Kuma a sani, V5C ba shaidar mallaka ba ce, an ma rubuta haka ɓaro-ɓaro a jikinta. Tana nuna wanda motar ke rajista da sunansa ne kawai. Binciken tarihin mota na kamfanin HPI shi ake biya, kuma ya cancanci kuɗinsa, don shi zai gaya maka ko akwai bashin kamfani a kanta, ko an kai rahoton sata, ko inshora ta taɓa yanke cewa ta tashi daga aiki. Sai dai duk wannan lambar da ka shigar yake dubawa. Ɓarawo na iya ɗora lambar wata mota mai tsabta a kan ta sata, don haka karanta lambar shasi mai harafi da alƙalami 17 a jikin ƙarfen da idonka, ka gwada da takarda.

To, sai mai wuyar, wanda motarsa na nan.

Yawancin motocin dawaki ba a haife su motocin dawaki ba. Motocin dakon kaya ne da suka gama yi wa kamfani bauta, aka cire akwatin baya aka gina wani. Akwai maƙera na ƙwarai da ke wannan aiki tsakani da Allah, akwai kuma masu yin sa a bayan gida da katakon da bai kamata ya ɗauki doki ba. Mazambacin nan yakan sayi wadda ta gaji da arha, ya fesa mata fenti mai sheƙi, ya shimfiɗa sabuwar roba a ƙasa, ya sa labule da fitilu a ɗakin kwana, ya ɗauki hoto a fili mai ciyawa. Sannan ya ɗaga maka takardar gwaji ya ce ga shi, wata goma sha biyu cur.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, gwajin shekara da ake yi wa motar da ta haura tan 3.5, wanda jami'an DVSA, hukumar duba lafiyar motoci, ke yi, na lafiyar mota ne a kan titi: birki, taya, fitila, sitiyari, hayaƙi, shasi. Ba aikinsu ba ne su ɗage roba su ga ko daɓen zai riƙe dokin da ke buga ƙafa. Fitsarin doki yana bin gefen roba ya kwanta a ƙasa shekara da shekaru, ya ruɓar da katako, ya ci ƙarfen da ke tallafe da shi. Ko daɓen alminiyam bai tsira ba, musamman inda ya haɗu da ƙarfe. Ƙafar doki ta taɓa faɗawa ta irin wannan daɓe ana cikin gudu a kan hanya, kuma direba yana gaba bai san abin da ke faruwa a baya ba. Ba sai na bayyana yadda ƙafar ke komawa ba.

Saboda haka ka tafi da tocila da sukudireba da kayan da ba ka jin ƙyashin ɓatawa. Ɗage robar, musamman a kusurwa da inda ƙafafun baya ke tsayawa. Caka katakon. In ya nutse kamar burodi, ka gama ganin mota. Shiga ƙarƙashi ka haska sama, ka duba sandunan da ke riƙe da daɓen da wuraren da aka ɗaure akwatin da shasi. Baƙin fenti mai kauri da aka shafa kwanan nan a ƙasan tsohuwar mota abin tambaya ne, ba abin yabo ba. Idan ya ce robar a manne take ba ta ɗaguwa, to daga ƙasa za a duba. In ya hana wannan ma, yi masa sallama. Sauke ƙofar da doki ke takawa ya hau, ka yi tsalle a kanta, ka duba maƙalai da sifirin, ka ga ko mutum ɗaya zai iya ɗaga ta. A ƙananan motoci masu tan 3.5, irin waɗanda ake ginawa a kan Renault Master ko Vauxhall Movano, dawaki baya suke fuskanta, gindinsu na jingine da bangon da ke bayan direba. Tambayi da me aka yi bangon nan. Idan falle ne na katako aka lulluɓe da kafet, ranar da ka taka birki da ƙarfi kai da doki za ku haɗu a gaba.

Ƙaryar da ta fi yawa kuwa ta nauyi ce, don ita ba a ganinta da ido. Tan 3.5 ko 7.5 da ake faɗa shi ne iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta. Mai talla zai rubuta cewa tana ɗaukar doki biyu, kuma gaskiya akwai gurbi biyu. Amma a yi lissafi. A ce motar da kanta kilo 2,600 ce, saura 900. Cire mutum biyu, cire man dizal, cire ruwa, sirdi, linzami, ciyawa. Babban dokin Ingila yana kai kilo 500 zuwa 600. Ka ga doki ɗaya ke nan, na biyun a takarda kawai yake. Manyan ma haka: duk kwabet da gado da banɗakin da aka ƙara a ɗakin kwana, daga rabon doki aka cire. Idan DVSA suka tare ka suka auna, tarar nan take tana kaiwa fam 300, in abin ya yi yawa kotu ce, kuma za su iya hana motar motsi sai an rage kaya. Ka yi tunanin tsayuwa a gefen babbar hanya da doki biyu kana neman wanda zai zo ya ɗauki ɗaya. Kada ka karɓi tsohuwar takardar awo, don wasu sukan cire shingayen ciki da tayar safaya kafin su auna. Ku je sikelin manyan motoci tare, a auna kana tsaye. Kuɗin awon bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma abubuwan da ba zai yi maka ƙarya a kai ba, shiru kawai zai yi. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1 ga Janairu 1997 zuwa yau, lasisinsa na ƙaramar mota a tan 3.5 ya tsaya. Mai tan 7.5 sai da lasisin C1. Yawancinmu da muka zo daga baya muna cikin wannan sahu. Tun 1 ga Fabrairu 2021 haramun ne a sa tayar da ta wuce shekara goma a gaban motar da ta haura tan 3.5, kuma motar dawaki ta fi kowace faɗawa wannan tarko, don zama take yi, tayarta na tsufa da zanenta radau. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta. Mazauna Landan kuma su yi lissafin dokar hayaƙi: babbar motar da injinta bai kai matakin Euro VI ba tana biyan fam 100 a rana, wadda ta fi tsufa fam 300. Tsohuwar Leyland DAF ta shekarun 1990 da aka ba ka da arha, fita uku ta cinye rangwamen.

Ku lura da dillalin da ke shigar mai gida. Zai ce motar matarsa ce, 'yarsu ta daina hawa. Dalilinsa shi ne dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota mai aibi idan daga ɗan kasuwa ka saya, amma cinikin mutum da mutum kusan abin da ka gani shi ka saya, muddin bai siffanta ta da ƙarya ba. In ka kira, ce masa kawai kana magana ne a kan motar da ya sa a kasuwa. Idan ya ce wacce daga ciki, ka san da wa kake magana. Haka in sunan da ke V5C ba nasa ba ne, ko ya ce ku haɗu a gidan mai. Duk abin da ya faɗa game da daɓe da nauyi, sa shi ya rubuta a saƙo, ka kuma ɗauki hoton tallar kafin ya goge.

Masu son a turo musu gida, ku ƙara da wannan: motar Ingila sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta sauya hannun tuƙi, kuma dokar hanya ba ta yarda da mai sitiyarin dama ba. Duk wanda ya ce maka wannan ba matsala ba ce, tambaye shi wa zai biya kuɗin juyawa. Ɗan'uwan da aka aika dubawa shi ma ya ji tsoron Allah, kada ya tsaya daga nesa ya ɗauki hoto ya ce Alhaji mota ta yi.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Kira bankinka nan take. Lambar 159 tana haɗa ka kai tsaye da yawancin bankunan Birtaniya. Tun 7 ga Oktoba 2024 doka ta wajabta wa bankuna mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa, har zuwa fam 85,000, in dai daga asusun Birtaniya zuwa asusun Birtaniya ne, kuma ya kai ƙorafi cikin wata 13. Kuɗin da aka turo daga Kano ko aka tura wata ƙasa ba ya ciki. Haka wanda aka ba shi mota ta gaske amma ruɓaɓɓiya, banki zai iya cewa wannan rigimar ciniki ce, a je kotu. Wanda ya biya ɗan kasuwa ko da wani ɓangare na kuɗin da katin bashi, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 yana kare shi idan farashin motar ya haura fam 100 bai wuce 30,000 ba. A kai rahoto ga 'yan sanda, a kuma sanar da shafin da aka ga tallar, don hotunan nan gobe za su sake fitowa da sabon suna da sabon gari.