Turbo ko Sauya Inji: Wanne Ya Dace da Motarka a Kaduna?

Duk wanda motarsa ke jan ƙafa idan ya zo wuce tirela a hanyar Zariya, akwai hanyoyi biyu da kanikawa za su nuna masa, wato a ɗaura wa injin turbo ko a sauke shi a sa wanda ya fi shi girma.

Turbo yana amfani da hayaƙin da ke fita ta salansa wajen juya wata ƙaramar fanka, ita kuma ta juya wata fankar da ke cusa iska mai yawa cikin inji domin ya ƙona ƙarin mai. Kuɗinsa a shago ba ya tayar da hankali, sai dai ba shi kaɗai ake saye ba, domin yana buƙatar na'urar sanyaya iskar, da bututun da zai kai masa baƙin mai, da nozul masu feshi da yawa, sannan uwa uba a sake saita birenbos, wato na'urar da ke sarrafa aikin inji, ta kwamfuta. Nan ne gizo ke saƙa. Masu walda a Panteka za su lanƙwasa maka kowane irin bututu, amma gwanin saita birenbos ba a kowane gareji ake samunsa ba, kuma idan saitin ya kauce, injin da ba a ƙera shi don turbo ba zai riƙa ƙwanƙwasa har fistin ya narke ko gaskit ya ƙone, musamman a zafin Maris da Afrilu cikin cunkoson Kawo. Ƙurar hunturu ma tana cinye fankar da ke cusa iska idan matatar iska ba ta da kyau.

Sauya inji ya fi sauƙin sha'ani matuƙar injin da za a sa na irin motar ne. Misali, Toyota Camry ta 2002 zuwa 2006 ta fito da inji 2.4 mai fulogi huɗu da kuma 3.0 mai fulogi shida, saboda haka akwai gurbin babban injin a jikin motar. Sai dai a sayo shi tare da giyabos, da wayoyi, da birenbos, da kujerun inji, in ba haka ba mai wayarin zai yi ta yanke-yanke. Kafin ka biya kuɗin injin Beljiyam, ka buɗe murfin baƙin mai ka leƙa; idan ka ga dauɗa ta daskare kamar kwalta, ka bar shi.

A ganina, motar zuwa aiki da kai yara makaranta sauyin inji ya fi dacewa da ita, ko da za ta ƙara shan mai. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin, ka kuma gyara takardun mota, sannan a duba birki da lagireto ko za su iya ɗaukar ƙarin ƙarfin.