Shaidar bulokcen a jakar acha: abin da take tabbatarwa da inda ta gaza

Hidimar da ake tallata wa masu sarrafa hatsin gargajiya ita ce a manna lambar QR a bayan jaka, mai saye ya haska da wayarsa ya ga gonar, ranar girbi da inda aka surfa. Bayanan suna zaune a bulokcen, wato kundin da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa, shi ya sa ba a iya goge abin da aka shigar a ɓoye. Sunan da ya yi fice a wannan fage shi ne IBM Food Trust, kundin bin diddigin abinci na kamfanin IBM. Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, ya gwada fasahar da mangwaro, bin diddigin da kan ci kusan kwana bakwai ya koma daƙiƙa 2.2. Kamfanin kantuna na Carrefour na Faransa kuma ya fara sa lambar a kajinsa a 2018.

A shekarar ce Tarayyar Turai ta amince a sayar da farar acha a kasuwarta. Mai saye a Faris ba ya bambance farar acha da iburu, wato baƙar acha, balle ya san ta Filato ce ko ta Gini. Nan hidimar take da amfani na gaske: tana ba ƙwayar suna da asali, kuma idan wani kaso ya lalace, shi kaɗai za a janye daga kanti.

Aikin yana farawa daga gona. Kowane buhu yana samun lamba a ranar saye, a rubuta ƙungiyar manoman, ƙauye, iri da nauyi a kilo. Mudu da tiya ba sa aiki a nan, domin cikarsu ta bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Sai a sake awo bayan surfe, bayan wanki da rairaya, bayan shanya, sannan a wajen ƙunshi. Danshi kada ya wuce kashi 12 cikin 100 kafin a rufe jaka.

Wajen surfe ne abin ya fi ɓaci. Mai inji yakan zuba buhun wannan a kan ragowar na wancan don kada injin ya tsaya, kuma daga wannan lokacin lambar da ke jakar ta daina faɗin gaskiya, ko da kundin bai canza harafi ɗaya ba. Kariya ɗaya ita ce lissafin nauyi. Acha mai ƙaiƙayi takan bar kusan kashi biyu bisa uku bayan surfe. Idan kilo 1,000 ya shiga, aka ga kilo 900 ya fito da lambar gona ɗaya, to an yi ciko da ta kasuwa. Manhajar da ba ta ƙin irin wannan shigarwa da kanta, bai kamata a biya mata ko sisi ba. Wannan ce tambayar farko da za a yi wa mai tallar.

Akwai kuma abin da kundin ba ya gani sam. Bai san ko akwai yashi a cikin achar ba, kuma yashin nan shi ne ke korar mai saye tun cokali na farko. Bai san ko irin na kaka da kakanni ne ba, sai an kai samfuri ɗakin gwaji. Haka gubar aflatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa: iyakar Turai ga jimillarta a hatsi ita ce maikrogiram 4 a kilo, kuma takardar gwaji ce shaida, bulokcen ajiye ta kawai yake yi. Ba ya maye gurbin rajistar NAFDAC.

Sai batun kuɗi da ɗorewa. Kowane kaso yana buƙatar tasa lambar, wato sabon bugun tambari, da ma'aikaci mai waya da sikeli a ƙauyen da sabis ke yankewa. A nemi manhajar da ke ajiye bayani ba intanet, ta tura daga baya. A kuma rubuta a yarjejeniya cewa za a iya kwashe bayanan, domin TradeLens, kundin bulokcen na jigilar kaya da kamfanin jiragen ruwa na Maersk da IBM suka kafa, duk girmansa, an sanar da rufe shi a ƙarshen 2022.

Ga mai fitar da acha waje, wanda ke da injinsa da manoman da ya sani, hidimar ta cancanci gwaji da kaso ɗaya a kaka ɗaya. Mai saye daga hannun dillalai a ranar kasuwa kuwa, gara ya fara sa kuɗinsa a sikeli, na'urar auna danshi da injin cire tsakuwa.