Takalmin Tafiyar Daji Mai Siririn Tafi: Yadda Yake a Ingila, da Abin da Zai Yi Muku a Gida

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da yawanku kun tambaya game da takalman nan masu faɗin baki da kuke gani a ƙafar masu hawan duwatsu a nan Ingila, ko sun cancanci a saya a aiko muku. Amsar tana da ɗan tsawo, domin takalmin yana da kyau ƙwarai ga wanda ya san yadda ake shigarsa, kuma yana iya kwantar da wanda ya yi masa gaggawa.

A shago ana kiransa barefoot, wato kamar tafiya ba takalmi, kuma da wannan sunan za ku neme shi a intanet. Abu huɗu ne suka raba shi da but ɗin da muka saba gani. Bakinsa yana da faɗi daidai da siffar yatsu, babban ɗan yatsa yana miƙewa sak ba tare da an tura shi cikin 'yan uwansa ba. Diddigensa da gabansa tsayinsu ɗaya, alhali kambas na gudu da but na hawan dutse sukan ɗaga diddige da milimita 8 zuwa 12, wasu ma fiye. Tafinsa siriri ne, yawanci tsakanin milimita 4 da 10, har ana iya naɗe shi da hannu. Sannan babu tudun nan na ciki da ke tallafe kwarin tafin ƙafa. Dalilin masu yinsa shi ne ƙafa tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma idan aka ɗaure ta shekara da shekaru a cikin abu mai tauri, namanta yana yin rauni. Wanda ya tashi yana sa fade ko takalmin taya irin na makiyaya ya riga ya san wannan siffar: shimfiɗaɗɗen tafi da yatsu a sake. Abin da Turawa suka ƙara shi ne rufin da ke hana ruwa da sanyi shiga, da haƙoran tafi masu kama taɓo.

Kamfanin da ya fi suna a nan shi ne Vivobarefoot, wanda Galahad Clark ya kafa, ɗan gidan nan masu takalmin Clarks. But ɗinsu na daji yakan kai kusan fam 200. Akwai Freet, shi ma na nan Birtaniya ne kuma ya fi sauƙin kuɗi. Xero Shoes da Lems na Amurka ne, Wildling da Leguano na Jamus, Be Lenka na Sulobakiya. Daga Afirka ta Kudu akwai Jim Green, wanda ake ɗinke fatarsa da tafin, zan dawo kansa. Sai kuma na China da suka cika intanet a kan fam 40 ko 50. Waɗannan ba laifi don gwaji a cikin gari, amma robarsu tana santsi a kan jiƙaƙƙen dutse, gam ɗinsu kuma ba ya jure doguwar damina.

Inda mutane suka fi asarar kuɗi shi ne wajen lamba. Lambar Turai tana hawa da kashi biyu cikin uku na santimita, ta Ingila tana hawa da kusan milimita 8 da rabi, kuma 43 na wannan kamfani ba shi ne 43 na wancan ba. Don haka kada ku aiko da lamba, ku aiko da awo. A jingina farar takarda da bango, a taka ta da diddige manne da bangon, a tsaya da nauyin jiki duka a kanta, wani ya ja layi a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. Ga wasu na biyu ne ya fi tsawo, ba babban ba. A auna ƙafa biyun, a ɗauki wadda ta fi girma. A yi awon da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma sanye da safar da za a yi tafiyar da ita. A kan wannan tsawon a ƙara milimita 10 zuwa 15. In bai kai haka ba, yatsu za su riƙa dukan bakin takalmin a gangara har farce ya yi baƙi ya fita. In ya wuce, diddige zai riƙa zamewa yana goga, bororo ya fito. A auna faɗi kuma a inda ƙafar ta fi faɗi, a gindin yatsu. Wannan awon yana da muhimmanci gare mu musamman, domin ƙafar da ta girma a silifas takan fi ta mutanen nan faɗi, wasu kuma bayan ƙafarsu yana da tudu. Akwai takalman da aka rubuta musu barefoot amma duk da haka suna matse irin ƙafarmu. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a zaro shimfiɗar cikin takalmin a taka ta a ƙasa. In yatsu sun leƙa ta gefe, takalmin ba naka ba ne.

A nan ne tsarin ciniki na Ingila ya fi namu nesa ba kusa ba. Yawancin abin da ka saya ta intanet, doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da ya iso ka fasa, ko da ba shi da aibi. In kuma yana da aibi, dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif. Saboda haka mutane sukan yi odar lamba biyu, su gwada a kan kafet a cikin gida, su mayar da ɗaya. Kamfanin Xero har garantin mil 5,000 yake bayarwa a kan tafin takalminsa. Amma ku lura, duk wannan gatan yana ƙarewa ne da zarar takalmin ya hau jirgi. Kafin saƙo ya isa Kano ko Maraɗi kwanakin sun wuce, kuma kuɗin dawo da shi ba kaɗan ba ne. Farashin da kuke gani yana ɗauke da harajin kashi 20 cikin 100, kuma tun farkon 2021 aka daina mayar wa baƙi wannan harajin a filin jirgi. Wanda zai zo ziyara kada ya sa ran ragin nan.

Ta fuskar gyara kuwa gida ne ke gaba. Yawancin waɗannan takalman da gam aka manne tafinsu, kuma siririn tafi yana cinyewa da wuri a kan kwalta. Ladan mai gyara a nan yana da tsada har mutane sukan gwammace su sayi sabo. Vivobarefoot suna da sashen gyara mai suna Revivo, amma sai ka aika ta gidan waya ka jira. A gida kowane shumeka zai ɗinke maka a zaune kana kallo. Shi ya sa ga wanda zai yi amfani da takalmin a gida, na fi ganin dacewar irin na Jim Green, mai ɗinkin da ake gani a waje, domin duk baduku zai iya farke tafin ya sa wani. Kuma a gaskiya dukawanmu na Kano da Sakkwato da Zinder suna iya yin irinsa. Fata muna da ita, jar akuyar Sakkwato ce aka daɗe ana fitarwa ta hamada Turawa suna kiranta fatar Maroko. Matsalar ɗaya ce: itacen da suke ɗinki a kansa mai tsinin baki ne, an kwaikwayo shi daga takalmin ofis. In aka kai musu zanen ƙafa a takarda, aka ce kada su sa diddige, kuma su yi amfani da roba mai kaurin milimita 6 zuwa 8, za a sami abin da ake biyan fam 200 a kansa, in ban da rufin hana ruwa, wanda a rani ma cutarwa yake yi.

Yanzu ga inda ake jin ciwo. Wanda ya shekara ashirin yana sa takalmi mai diddige, agararsa da sharaɓarsa sun saba da wannan tudun. Ranar da ya sauka ƙasa daidai, sai su miƙe fiye da yadda suka saba a kowane taku. Nama yana sabawa cikin makonni, amma jijiya da ƙashi sai sun yi watanni. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun bi masu gudu da suka koma takalmin Vibram FiveFingers, mai siririn tafi da gurbin kowane yatsa, cikin mako 10, hoton asibiti ya nuna alamar rauni a ƙashin ƙafar 10 daga cikin 19. Shi kansa kamfanin Vibram ya amince a 2014 ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka kai shi a kan alƙawuran lafiya da ya yi a tallansa. A ɗaya ɓangaren, binciken Jami'ar Liverpool na 2021 ya gano cewa waɗanda suka yi wata 6 suna harkokinsu na yau da kullum a irin wannan takalmi, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin 100. Duka binciken biyu gaskiya ne. Na farko gudu suka yi cikin ɗan lokaci, na biyu tafiya suka yi cikin dogon lokaci.

Don haka a fara da rabin awa zuwa awa ɗaya a rana, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba tare da kaya a baya ba. Kowane mako a ƙara kaɗan. Kada a yar da tsohon takalmi, a riƙa musanyawa. A rage faɗin taku, ƙafa ta sauka a ƙarƙashin jiki, domin mai dogon taku diddigensa yake bugawa a gaba, kuma a nan babu soson da zai shanye bugun. In kana jin ƙarar takunka, kana bugawa da yawa. Kullum a tsaya a bakin matakala a ɗaga diddige a sauke shi a hankali sau 15, a huta, a maimaita har zagaye uku, sannan a tsaya da ƙafa ɗaya na minti guda. Bayan wata biyu ko uku ake fara gajeriyar tafiyar daji, jaka mai nauyi kuma sai daga baya. Tsamin sharaɓa da ke wucewa cikin kwana biyu ba komai ba ne. Amma ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya a bayan ƙafa, wanda in ka danna ƙashin kake jinsa, ko sukar diddige a takun farko na asuba, waɗannan alamu ne na a dakata a ga likita. Mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta fara mutuwa ba ya jin suka, kada ya kusanci siririn tafi sam, domin tsakuwa za ta ji masa rauni bai sani ba. Ina roƙonku kada ku saya wa iyayenmu masu wannan lalura da sunan kyauta.

A duwatsun nan na Ingila abokin gaba shi ne ruwa. A Peak District, kusa da Manchester da Sheffield, saman Kinder Scout mai tsayin mita 636 baƙar laka ce mai jiƙe kusan duk shekara. Can ana bukatar haƙoran tafi masu zurfin milimita 4 ko 5 da tazara a tsakaninsu, in ba haka ba laka ta cike su takalmin ya zama sulɓi. Sanyi kuma ta ƙasa yake shigowa, tunda tsakaninka da ƙasa bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Maganinsa shimfiɗar ciki ta ulu da safar ulu, ba ta auduga ba, domin auduga tana riƙe gumi. Sai dai safa mai kauri tana cinye filin yatsu, in ta matse kuma jini ya ragu ƙafa ta ƙara sanyi, shi ya sa but na hunturu ake ƙara masa lamba ɗaya. In ya jiƙe kada a ɗora shi kan hita, fata za ta tsage gam ya saki. A cusa masa jarida a bar shi ya bushe da kansa, sannan a shafa masa man fata. A hanyar tsakuwa mai kaifi irin ta Scafell Pike, mai mita 978, sabon shiga zai ji tafin ƙafarsa ya yi tsami tun kafin ya sauko. In kuwa ƙanƙara ta rufe Ben Nevis, dutse mafi tsayi a Birtaniya mai mita 1,345, wannan takalmin ba shi da wuri, domin ƙarafunan kama ƙanƙara ba sa zama a kan tafi mai lanƙwasa, suna iya fita a tsakiyar hawa.

A gida lissafin daban ne. A kan busasshen dutse irin na Kufena a Zariya ko duwatsun Shere na Jos, siririn tafi yana kamawa sosai, ƙafa tana jin kowane gurbi, kuma da yake kana kusa da ƙasa ba ka cika turguɗewa ba. Amma dajinmu yana da ƙaya. Tsidau yana maƙalewa a roba mai laushi, ƙayar aduwa da ta bagaruwa kuwa suna iya huda tafin milimita 4 kai tsaye. Ƙarangiya tana cika duk takalmin da samansa yadi ne, har da igiyarsa. Rairayin Afrilu da tsakar rana yana ƙona ƙafa ta siririn tafi. Saboda haka wanda zai yi tafiyar daji a gida ya nemi mai saman fata zalla, mai tafin da bai gaza milimita 8 ba, kuma marar ledar hana ruwa a ciki, domin a zafinmu ledar tana tara gumi har tsakanin yatsu ya ruɓe. Manomi a wurare irin su Kaltungo, inda kububuwa ta yi yawa har aka gina asibitin saran maciji, shi kam dogon takalmin roba mai kaiwa gwiwa ne nasa, kada ya musanya shi da wannan.

Wanda har yanzu yake son a aiko masa, ya turo tsawo da faɗin ƙafa biyun a milimita, da hoton zanen a gefen rula, ya kuma faɗi inda zai riƙa takawa da shi: kwalta, dutse ko gona.