Ƙwayar melatonin ko abin rufe ido: amsa ga Hajiya

Hajiya, barka da arziki, Allah ya kai ɗiyarki Sin lafiya ya ba ta nasara a gasar. Kin tambaya me zai taimaka mata ta samu barci a can duk da bambancin lokaci. Tsakanin ƙwayar melatonin (ƙwayar da ake sha don saita lokacin barci) da abin rufe ido, ki saya mata abin rufe ido, ki haɗa da abin toshe kunne na soso. Ƙwayar da abin rufe idon duk na taɓa saye, ɗaya ne kawai bai sa ni nadama ba.

Lokacin da ƙanwata mai wasan faɗa na taikwando za ta Koriya ta Kudu, na saya mata baƙin abin rufe ido mai laushi, irin mai ɗan rami a ciki wanda ba ya danne gashin ido. Tun a nan Birnin Kebbi ta fara sa shi. Kwana huɗu kafin tafiya, kullum tana matso da lokacin kwanciyarta da awa ɗaya, har ya kai ga tana sallame Isha'i sai gado. Ga hirar matan gida a tsakar gida, ga janaretan maƙwabta, amma da ta cusa soson a kunne ta ja abin bisa ɗankwalinta, shi ke nan. A jirgi ma haka ta yi. A can kuwa su biyu ne a ɗaki, abokiyar kwananta na danna waya har tsakar dare, hasken bai dame ta ba. A kwana na biyar ta kira ni tana murna, ta ce yau ƙafarta ta dawo tata. Har yanzu abin yana cikin jakarta, igiyarsa ta saki, na sa zare na ɗaure.

Haske da duhu ne ke saita agogon jiki. Sin ta riga mu da awa 7, don haka ƙarfe 10 na dare a can, jikin ɗiyarki yana ganin ƙarfe 3 na rana ne, ko La'asar ba a kira ba. Tafiya gabas ta fi ta yamma wuya, kuma abin da aka saba ƙiyastawa shi ne kwana ɗaya ga kowace awa ta bambanci. Idan da hali, ki roƙi masu tafiya da su su isa da kusan mako guda a hannu.

Ga abin da mutane ke kuskurewa. Wajen Asubarmu ne jiki ya fi yin sanyi da nauyi, kuma wannan ya faɗo wajen ƙarfe 11 zuwa 12 na rana a Sin. Hasken da ta sha kafin lokacin yana ja da agogonta baya ne, alhali gaba ake so ya matsa. Saboda haka kwana biyun farko ta rage shiga rana da safe, ko ta sa baƙin tabarau, ta fito ta sha rana sosai bayan 12. Daga nan kullum ta riƙa fitowa da wuri kaɗan. Barcin rana kada ya wuce minti 30. Goro, kofi da shayi mai kauri a bar su daga Azahar. Ki kuma tambaye ta kwanakin al'adarta, domin a makonni biyun da ke kafin zuwan al'ada zafin jikin mace yana ɗan hawa, barci ya yi wuya. In gasar ta faɗo nan, ɗaki ya zama mai sanyi.

Ita melatonin, to, tana taimaka wa wasu idan an sha kaɗan daidai lokacin kwanciya na can, kuma ba ta cikin jerin haramtattun magunguna na hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni a duniya. Iyakar alherin da zan faɗa a kanta ke nan.

Tawa daga wata mai talla a intanet na saya, da tsada. Kwalbar ta iso ba lambar NAFDAC, ranar lalacewarta an liƙa wata takarda a kai. Likitan tawagar ƙanwata yana gani ya ce kada ta kuskura. Ko a Kanada, binciken da aka yi a 2017 kan nau'i 31 ya gano wata ƙwayar ta ninka abin da aka rubuta a jikinta fiye da sau biyar. Balle ta masu "kayan waje ne, Hajiya", waɗanda wasunsu ke juye maganin barci a kwalbar da ba tasa ba. Kuma dokar wasanni ba ta duba wanda ya sayar: duk haramtaccen abin da aka gani a fitsarin 'yar wasa, ita ke da alhakinsa, har ana iya dakatar da ita, ko da ba ta san da shi ba.

In har za ta sha, likitan tawaga ne zai ba ta, kuma ta gwada tun a gida, ba daren gasa ba. Abin rufe idon ki saya biyu, don ɗaya kan ɓace a jirgi.